Yadda ake haɗa kuɗin tiyatar kare a Kaduna idan inshora ta gaza

Wannan bayani na mutumin da likitan dabbobi ya ce wa karensa sai an yi masa tiyata, aka faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a garin nan, na kuma raka mutane da dama asibitin dabbobi, daga ma'aikacin da ke da Alsatian a Barnawa har mafaraucin da karensa na gida ne a Rigasa. Abin da ke ruɗa yawancinsu shi ne suna jin kuɗin a dunƙule, sai hankali ya tashi, su fara neman bashi tun ba su san abin da za su biya ba. Kuɗin tiyata kashi-kashi ne. Akwai na yau, akwai na bayan mako biyu, akwai wanda za ka iya saukewa gaba ɗaya, akwai kuma wanda idan ka taɓa shi kare ya tafi. Masu inshorar kare ba su da yawa a Kaduna, don haka duk matakan da ke ƙasa suna aiki ko ba ka da ita, sai dai ka tsallake na shida.

Abubuwan da za ka tanada

Katin rigakafin kare, musamman shaidar allurar haukan kare. Likita zai nema, kamfanin inshora ma zai nema.

Takardar inshora cikakkiya, har shafukan baya masu ƙananan rubutu, da rasit na biyan da ka yi na ƙarshe.

Littafi da biro. Duk abin da likita ya faɗa ka rubuta nan take, domin mai tashin hankali ba ya riƙe magana.

Waya mai caji, don ɗaukar hoton rauni, bidiyon yadda kare ke tafiya ko amai, da hoton kowane rasit.

Takunkumi, sarƙa, da tsohon bargo ko faifan katako na ɗaukarsa. Idan babu takunkumi, dogon bandeji ko tsumma mai laushi ya wadatar. Kare mai ciwo yana cizon ubangidansa. Amma kada ka ɗaure bakin wanda ke amai ko yake numfashi da ƙyar.

Abin hawa da ka shirya tun da wuri. Ba kowane mai keke ke yarda ya ɗauki kare ba, gara ka samu wanda ya san ka.

Kuɗin ganin likita da na gwaji a hannu, da mutum ɗaya mai natsuwa da zai raka ka.

1. Ka fara sanin yawan lokacin da kake da shi

Tambayar farko ga likita ita ce: "Likita, awa nawa ko kwana nawa muke da su?" Amsar nan ce za ta nuna maka irin neman kuɗin da za ka yi.

Wasu cututtukan ba sa jiran gari ya waye. Babban kare mai zurfin ƙirji, irin su Alsatian, Rottweiler da Boerboel, idan cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana kakarin amai ba abin da ke fita, yana zubar da miyau, to mai yiwuwa tumbinsa ne ya murɗe, kuma cikin 'yan awoyi yake kashewa. Haka karyar da ke naƙuda: idan ta yi rabin awa tana nishi da ƙarfi ba ɗa, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan farko, sai asibiti. Haka namijin da ke ta tsugunno fitsari ya ƙi fita. Sai cutar da mahaifa ke cika da mugunya, wadda ke kama karya cikin wata ɗaya zuwa biyu bayan ta gama jinin neman barbara: za ka ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta daina cin abinci, wani lokaci mugunya na zuba, wani lokaci kuma ba a ganin komai a waje, wanda shi ya fi haɗari.

Karayar da ƙashi bai huda fata ba tana iya jiran kwana biyu ko uku idan an ba shi maganin zafi an tsare shi wuri guda. Ƙaramar cibiya da ta fito, ko ƙarin da ke girma a hankali, suna ba ka makonni, ka tara kuɗi cikin natsuwa.

Ga abin da za ka iya dubawa da kanka kafin ka isa. Ɗaga leɓen kare ka kalli dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da damshi. Danna da yatsa ka saki: wurin zai yi fari, sai launin ya dawo kafin ka ƙirga biyu. Idan dasashin fari ne fat tun kafin ka danna, ko ya bushe yana manne wa yatsa, bar maganar kwatanta farashi, nufi asibiti mafi kusa.

2. Biya kuɗin gwaji, kada ka yi masa rowa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce a bar gwaji a tafi kai tsaye ga aiki, wai don a rage kuɗi. A ƙasar nan kaska ta yi wa karnuka yawa, kuma cututtukan da take sawa suna shanye jini a ɓoye. Karen da jininsa ya yi ƙasa aka sa shi barci aka yanka, ba lallai ya farka ba, ka ga an yi asarar kuɗi da kare baki ɗaya. Gwajin yawan jini da duba cutar kaska su ne mafi araha a duk lissafin. Hoton ƙashi ko sikanin ciki kuwa su ke nuna ko ma ana bukatar tiyatar. Ka karɓi sakamakon ka riƙe a hannunka, domin idan ka je wani asibitin ba sai ka sake biya ba.

Kafin nan kada ka ba shi maganin mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda, paracetamol kuma idan ya yi yawa yana taɓa hanta. Karya mai naƙuda kuma kada a yi mata allurar naƙuda daga kemis: idan ɗa ya tokare hanya, mahaifar ce za ta fashe.

3. A rubuta maka kuɗin dalla-dalla

Nan ne aikin yake. Kada ka karɓi jimla da baki. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini kowane abu da kuɗinsa." Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Takardar za ta ƙunshi kuɗin aikin likita, allurar barci, ƙarin ruwa, zaren ɗinki da safar hannu da sauran kayan da ake amfani da su sau ɗaya, ƙarfen ɗori idan karaya ce, magunguna, kwanan asibiti, wanke rauni, da cire zare.

Yanzu ɗauki biro ka raba su uku.

Kashin farko ba a ciniki a kansa: allurar barci, maganin zafi, ƙarin ruwa lokacin aiki, da tsabtar kayan aiki. Duk wanda ya ce zai yi maka rabin kuɗi saboda zai danne kare ya yi aikin a tsakar gidanka, ka gode masa ya tafi. Araha ba ta ado. Ka tambaya ko mai aikin cikakken likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wato VCN. Ma'aikacin lafiyar dabbobi yana da amfaninsa wajen allura da wanke rauni, amma buɗe ciki ba aikinsa ba ne.

Kashi na biyu shi ne abin da za ka iya ɗauka da kanka. Kwanan asibiti yana cin kuɗi sosai, ka tambaya kwana nawa ne dole, sauran ka yi jinya a gida. Magungunan sha da za a ci gaba da su, ka nemi a rubuta maka ka saya a babban kantin magani mai rajista, amma ainihin wanda aka rubuta da yawan da aka rubuta, domin da nauyin kare ake auna su. Abinci ka kawo daga gida. Kwalar hana lasar rauni kuma za ka iya yi da kanka, zan zo kanta.

Kashi na uku shi ne wanda ba yau za a biya ba: wanke rauni, cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, hoton ƙashi na biyu bayan makonni, da cire ƙarfe idan ƙashi ya haɗe. Waɗannan sukan faɗo bayan albashi ya shigo. Ka rubuta ranakunsu, ka cire su daga abin da kake nema yau.

Misali kawai, domin farashi yana sauyawa kullum: a ce an rubuta maka naira 300,000. Bayan rabo ka ga 50,000 na kashi na uku ne, 40,000 kuma na kwana da magani da za ka sauke. Abin da ke gabanka yau ya koma 210,000, kuma ko shi ɗin ba lallai a nemi duka kafin a fara ba.

4. Tambayi ko akwai wata hanyar

Ka ce wa likita, "Idan ban iya wannan ba, mene ne na biyu, kuma me zan rasa?" Sau da yawa akwai.

Karaya a ƙasan gwiwa, musamman ga ɗan kwikwiyo, wani lokaci filasta ta isa. Ƙashin cinya kuwa filasta ba ta riƙe shi, sai ƙarfe. Idan ƙashin ya ragargaje kuma kuɗin ƙarfe ya gagara, yanke ƙafar galibi ya fi araha, ya fi saurin warkewa, kuma kare yana gudu yana gadi da ƙafa uku. Mutane na ƙyamar wannan, ni kuwa na fi son sa da kai kare wurin mai ɗori a ɗaure ƙafa tamau, bayan mako guda ta ruɓe, a dawo a yanke ta a ƙara da kuɗin maganin ruɓa.

Akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar kare ko karya, wanda suke ɗauka wajen barbara, ya kuma yawaita a karnukan da ke yawo. Da yawa suna zaton sai wuƙa. Allurar vincristine ce maganinsa, ta jijiya, sau ɗaya a mako, galibi sau huɗu zuwa shida, kuma likita ne kaɗai zai yi ta, don idan ta zuba a wajen jijiya tana cin nama.

Mahaifar da ta cika da mugunya kuwa, kada ka yaudari kanka da allurai don gudun tiyata. Takan lafa ta dawo, ka biya sau biyu. A cire mahaifar a huta.

5. Idan lokaci ya ba ka dama, ka kwatanta

Da takardar lissafi da sakamakon gwaji a hannu, ka tuntuɓi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, sannan Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Can ne ake horar da likitocin, akwai ƙwararrun tiyata, kuma kuɗin asibitin koyarwa galibi bai kai na masu zaman kansu ba. Likitanka ma zai iya rubuta maka takardar turawa.

Sai dai ka yi lissafin hanya. Zariya kusan kilomita 80 ce daga Kaduna. Motar haya daga Kawo ba za ta ɗauki kare cikin fasinja ba, sai shata ko motar aboki, kuma zuwan ba ɗaya ba ne, akwai komawa duba rauni. Ka kira ka tabbatar ana aiki ranar, ka tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kada kuma ka sa kare a but. Cire zare da wanke rauni ka roƙa a bar wa likitan Kaduna. Wanda tumbinsa ya murɗe ko jini ke zuba, ba a hawa titin Zariya da shi.

6. Matsa wa inshora tun kafin a yanka

Buɗe takardar ka nemi abu biyar: iyakar abin da za su biya, kason da kai za ka fara biya daga aljihunka, wa'adin da aka ba ka na sanar da su, cututtukan da suka cire, da ko maganin ciwo suka ɗauka ko kuwa mutuwa da sata kaɗai. Na ƙarshen nan ya fi kama mutane, domin inshorar dabbobi da aka saba da ita a ƙasar nan diyyar mutuwa ce, ba kuɗin asibiti ba. Abin da ya shafi ciki da haihuwa, da ciwon da kare ke da shi tun kafin a yi rajista, su ma an saba cire su. Idan rigakafi ya wuce lokaci, wannan ma hujja ce a wurinsu.

Ka sanar da su a rubuce, da imel ko wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa. Kiran waya ba shaida ba ne. Haɗa rahoton likita, takardar lissafi, hotuna da katin rigakafi, ka tambaye su a rubuce nawa za su biya, kuma asibiti za su tura wa ko kai za su mayar wa bayan ka biya. Yawanci na biyun ne, ma'ana dole ka nemo kuɗin tukuna. Idan sun amince da wani kaso a rubuce, nuna wa likita takardar, tana sa ya yarda ya jira.

Idan sun ƙi, ka ce su rubuta dalili su nuna sakin layin da suka dogara da shi. Ka ga ba su da gaskiya, ka kai ƙorafi hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora. Kada ka roƙi likita ya sauya rana ko sunan cuta. Zamba ce, za ta ci rajistarsa ta ci taka inshorar.

7. Haɗa kuɗin, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

Fara da naka: ajiya, ko abin da za ka sayar ba ka yi kuka ba, kamar tsohuwar waya, janareton da ba ya aiki, ko akuya.

Sai adashi. Idan ɗaukarka na gaba ne, ka roƙi mai ɗauka a wannan zagayen ku yi musaya, uwar adashi ta shaida. Ma'aikaci ya nemi ƙungiyar gama kai ta ofis ko a ba shi wani abu daga albashi. Waɗannan sun fi komai sauƙi domin ba ruwa a ciki, ko kuwa ba shi da yawa.

Sai waɗanda ke cin moriyar karen. Idan haushinsa ne ke tsare layinku da dare, ko na 'yan sintiri ne, ko na ƙungiyar mafarauta, ba roƙo ba ne ka gaya musu. Tura hoton takardar likita a zauren WhatsApp na unguwa, ka faɗi abin da ka haɗa da abin da ya rage, kuma ka ba da lambar asusun asibitin maimakon taka. Mutane sun fi sakin hannu idan sun ga kuɗin ba ta aljihunka za su bi ba. Za a samu mai cewa, "Kare? Mutane na kwance a asibiti kana tara wa kare kuɗi?" Kada ka yi musu. Malamanmu sun halatta kiwon kare don gadi, farauta da kiwo, hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi kuma sananne ne, amma ranar neman taimako ba ranar muhawara ba ce. Ka ce masa Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ka wuce wurin na gaba.

Wanda karensa ɗan asali ne, irin su Alsatian, yana da wata ƙofa. Wanda ya sayar maka da shi, ko wani mai kiwo, zai iya ba da kuɗi a kan alƙawarin ɗan kwikwiyo ko barbara nan gaba. Ka tabbatar aikin da za a yi bai haɗa da cire mahaifa ko dandaƙa ba kafin ka yi alƙawarin abin da ba zai zo ba.

Bashin manhajar waya kuwa, ban taɓa ba kowa shawararsa ba. Ruwa ne mai yawa a wa'adi gajere, kuma wasunsu sukan bi lambobin wayarka suna tozarta ka wurin surukai da abokan aiki, abin da ya sa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta sa musu ido. Jinginar da babur ɗin da kake neman abinci da shi ma ka bar ta.

8. Yi yarjejeniya da likita a rubuce

Ka je da abin da ka haɗa ka faɗi gaskiya: "Likita, ga abin da ke hannuna. Sauran zan kawo kaza ranar kaza, kaza ƙarshen wata." Kafin alƙalamin da likitoci suka fi damuwa da shi shi ne wanda zai rufe abin da suka saya da kuɗinsu, wato allurar barci, ruwa, zare da ƙarfe. Ladan hannunsu ne suke iya jira. Ku rubuta ranaku da adadi, ku sa hannu, wanda ya raka ka ya zama shaida. Ka kuma tambaya tun yanzu: idan an buɗe aka ga abin ya fi yadda ake zato, nawa zai iya ƙaruwa, kuma a kira ka kafin a wuce wani adadi. Kada ka yi alƙawarin ranar da ka san ba za ka cika ba, gobe ma za ka dawo wurinsa.

9. Ranar aiki da jinyar gida

Bi umarnin hana abinci daidai. Galibi daga daren jiya ne ga babban kare. Ka gaya wa yara da mai gadi, don tausayin wani ya sa a ɗage aiki ko kare ya shaƙe da amai.

A gida, ɗaki mai tsabta da inuwa, ba ƙasa ba, ba tare da sauran karnuka ba. Abin da ke mayar da mutane asibiti su sake biya abu biyu ne: kare ya cire zare da haƙori, ko ƙuda ya yi ƙwai a rauni tsutsa ta shiga. Na farko maganinsa kwala. Samo bokitin roba mai laushi, yanke gindinsa daidai yadda kan kare zai shiga, naɗe bakin yankan da tsumma da salatif don kada ya yanke wuya, huda ramuka huɗu ka ɗaure shi da abin wuyansa, bakin bokitin ya ɗan zarce hancinsa. Zai yi ta karo da bango kwana ɗaya, daga nan ya saba. Kada ka cire don ya ba ka tausayi. Na ƙuda kuwa, gidan sauro ko raga a taga, da duba raunin safe da yamma. Kumburi mai zafi, wari, ruwa mai zuba ko ɗinkin da ya buɗe, ɗauki hoto ka tura wa likita a ranar. Kada a zuba toka, baƙin mai ko garin kafso. Maganin da aka rubuta a shanye shi duka ko da kare ya miƙe.

10. Idan kuɗin bai haɗu ba

Yana faruwa, kuma bai kamata abincin iyali da kuɗin makarantar yara su tafi a kan wannan ba. Hanya biyu ce. Ka tambayi likita ko ya san mai kiwo ko wani mai hali da zai karɓi karen ya biya aikin ya zama nasa. Idan ba a samu ba, kuma ciwon ba mai warkewa da kansa ba ne, ka nemi likita ya yi masa allurar da za ta ɗauke shi cikin barci. Kada a ba shi guba, kada a kai shi bayan gari a yar, kada kuma a bar shi ɗaure yana nishi har kwanaki.

Mai inshora ya sanar da kamfanin a rubuce kafin a yi allurar, domin da yawa suna sharɗanta amincewarsu, wasu kuma sai an buɗe gawar an rubuta rahoto kafin su biya diyya. Ka karɓi takardar likita mai ɗauke da rana da dalili, ka ɗauki hoto, sannan a binne shi da zurfi, nesa da rijiya, inda wasu dabbobi ba za su tono shi ba, domin maganin allurar yana nan a jikinsa.